Jawabin Shugaban Gunduma a Bikin Yaye Masu Bishara, Kaura Namoda



Godiya ta tabbata ga Allah. Bana an kammala karatu a kan lokaci duk da halin da hanya take ciki. An gyara rufin aji, an ƙaro littattafai, matan ɗalibai sun koyi karatu da ɗinki, waɗanda suka fita aikin gwaji a ƙauyuka kuma sun dawo lafiya. Malamai, Allah ya saka muku. Samarin da ke baya, a ajiye wayoyin nan, maganar da ke tafe har da ku.

Tarihin kun san shi. Jirgin ƙasa ya iso garin nan daga Zariya a 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa, har da Kiristoci a cikinsu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller da abokansa suka daɗe suna yi. An ƙirƙiro Zamfara a 1996, shari'a ta fara aiki a 2000, ga mu nan har yau, kasuwarmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muna zuwa musu gaisuwar mutuwa, suna zuwa mana.

Yanzu bari in ajiye takardar nan. Dattawa, wa zai ciyar da yaran nan da ake yayewa yau? Gobe za mu tura wasu wajen Zurmi, wasu wajen Shinkafi, inda mai babur sai ya ninka kuɗi kafin ya yarda ya bi hanyar. A da mai bishara yakan noma gonarsa ya ci. Yau gonar tana can, amma 'yan bindiga sun hana zuwa. Na shiga gidan wani mai bishara, na tarar matarsa tana auna gero da gwangwanin madara don ya kai su Lahadi, alhali ikkilisiyar da ta aike shi ta sayi sabbin lasifikoki a watan. Kun tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako? Masu bisharar ƙauye ba su gudu ba. Su ne suka yi jana'iza, su ne suka zauna da matan da aka sace mazansu. Alawus ɗinsu kuwa wata da watanni bai zo ba.

Duk lokacin da na ta da maganar nan sai wani ya ce ai Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Korinti. Gaskiya ne, ya yi, tare da Akila da Biriskilla. Amma a buɗe wasiƙarsa ga Filibiyawa, sura ta 4: godiya yake yi musu saboda gudummawar da suka aiko masa ta hannun Abafroditus, kuma ba karon farko ke nan ba. A ƙara da 1 Korintiyawa sura ta 9. Wanda ya karanta zancen tantin ya tsallake waɗannan, aljihunsa yake karewa.

Don haka daga watan gobe, kowace ikkilisiyar gari za ta ɗauki nauyin mai bishara ɗaya, a fitar da nasa daga baiko kafin a taɓa kuɗin gini. Zumuntar mata sun riga mu, tun bara suke tara hatsi. Maza, kun ji kunya.

Ku kuma 'ya'yana, inda aka tura ku ku fara gaida mai gari da limami, ku yi wa'azi da Hausar da tsohuwa za ta gane, kada ku yi tafiyar dare.

Ma'aji, kawo littafin alkawarin nan gaba, dattawa su sa hannu kafin a raba takardun shaida.