Wace Taya Ta Dace da Motar da Ke Bin Kwalta da Hanyar Ƙauye?

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon direba ya yi wa masu motocin a-kori-kura da yaransu a wata tashar mota ta ƙauye. Dattijon ya daɗe yana jigilar hatsi da mutane tsakanin ƙauye da birni.

Bayan ya yi sallama, ya gode wa jama'ar da suka taru. Sa'an nan ya ce duk girman mota, taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa. Wurin da kowace taya ke taka ƙasa bai fi tafin hannu sosai ba. A kan wannan ɗan wuri ne ran direba da na fasinja da dukiyar manomi suke. Saboda haka sayen taya ba abin gaggawa ba ne.

Taya iri uku

Dattijon ya ce motoci irin su Hilux suna da taya iri uku. Sau da yawa akan rubuta irin kowace a gefenta da haruffa biyu.

Ta farko ita ce mai alamar H/T. Wannan tayar kwalta ce. Zanenta ƙanana ne. Ba ta ƙara, kuma ba ta sa mota shan mai da yawa. Amma in ta shiga taɓo sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Ta biyu ita ce mai alamar M/T. Wannan tayar taɓo ce. Haƙoranta manya ne, tsakaninsu da faɗi, don su riƙa watsar da laka. Amma a kan kwalta tana gunji, tana saurin cinyewa, tana ƙara shan mai. In an yi ruwa, ba ta kama kwalta sosai lokacin taka burki.

Ta uku ita ce mai alamar A/T. Ita ce ta tsaka-tsaki. An yi ta don kwalta da burji da yashi da taɓo marar zurfi. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da tasa irin wannan taya tun 1976, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna yin ta.

A dubi hanya kafin a dubi taya

Ya ce kuskuren da matasa ke yi shi ne sayen taya don kyan gani. Mutum ya ga manyan haƙora sai ya ce ita yake so. Ya ce kafin a je kasuwa, mai mota ya zauna ya lissafa tafiyarsa ta mako guda. Nawa ce a kan kwalta? Nawa ce a hanyar ƙauye?

Wanda kusan kullum yana kan kwalta, H/T ta ishe shi. Wanda aikinsa cikin fadama yake duk damina, shi ne mai bukatar M/T. Amma wanda ke fita daga ƙauye da safe ta hanyar burji, ya hau kwalta zuwa birni, ya komo da yamma, A/T ce tasa. Ya ce yawancin waɗanda ke zaune a wurin, wannan ce tafiyarsu.

Ya kuma ja kunne. Ya ce A/T ba ta fi H/T a kwalta ba, ba ta fi M/T a taɓo mai zurfi ba. Amfaninta shi ne tana iya aiki a wuraren biyu. Wanda ya dogara da ita ya afka kududdufi da lodi, shi ya jiyo.

Rubutun da ke gefen taya

Daga nan dattijon ya gangaro da wata taya gaban jama'a. Ya nuna musu rubutun da ke gefenta: 265/65 R17 112T. Ya ce duk wanda ya iya karanta wannan, mai shago ba zai cuce shi ba.

Lamba 265 ita ce faɗin taya da milimita. Lamba 65 tana nuna tsayin gefenta: kashi 65 cikin 100 na faɗin. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta. Lamba 17 ita ce girman ƙarfen da ake ɗaura tayar a kai, inci 17. Lamba 112 tana nuna nauyin da za ta iya ɗauka, wato kilo 1,120. Da 100 aka rubuta, kilo 800 ke nan. Harafin T na ƙarshe yana nufin iyakar gudunta kilomita 190 a awa. Ya ce wannan iyakar ƙarfin taya ce, ba izinin gudu ba ne.

Ya ce kowace mota tana da girman tayar da ya dace da ita. Ana samunsa a littafin motar, ko a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba. Kada a sa wadda ta fi girma don ado. Takan goga jikin mota, ta rage mata ƙarfi, ta sa agogon gudu ya yi ƙarya.

Masu ɗaukar lodi su nemi taya mai alamar LT ko C. An yi su don motocin kaya, jikinsu ya fi ƙwari, sun fi jure dutse da kututture. Amma ya ce taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. Mota irin Hilux an ƙera ta don kaya kimanin tan ɗaya, har da mutanen da ke ciki. Tan ɗaya kuwa buhu 10 ne masu kilo 100.

Shekarun taya

Ya ce roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Zafin rana yana ƙara mata saurin bushewa. A gefen taya akwai wani layi da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshensa su ne lokacin da aka ƙera ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tun shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu. Taya mai lambobi uku ta girmi wannan shekara, kada a kusance ta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Dattijon ya tuna musu cewa kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga nan aka fi dogara da tayoyin waje. Cikinsu akwai sababbi, akwai na hannu waɗanda wasu ƙasashe suka gama cin moriyarsu. Ya ce araha ba ta ado. Tayar hannu takan fashe a kan gudu, da lodi, da rana tsaka.

Bayan an saya

Ya ce a sa tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya. Wannan ya fi muhimmanci ga motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja, domin tayoyi mabambanta suna wahalar da giyarta. Kada a manta da safaya, ita ma a duba ta.

A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, aƙalla sau ɗaya a wata. A bi adadin da ke takardar ƙofa, kada a bar mai faci ya auna da dukan ƙarfe. In an rage iska don ƙetare yashi, a mai da ita kafin a hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska tana zafi har ta fashe.

Cikin ramukan zanen taya akwai wasu 'yan tudu. Tsayinsu milimita 1.6 ne. In zane ya suɗe ya yi daidai da su, aikin tayar ya ƙare. Wanda ke bin taɓo kada ma ya jira ta kai nan. In an ga kumburi ko tsaga a gefe, a cire ta nan take, domin gefen taya ba ya faci.

A ƙarshe dattijon ya roƙi kowa, kafin ya bar tasha, ya tsuguna gaban motarsa ya karanta lambobin tayoyinsa huɗu da safaya. Wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi. Ya rufe da fatan kowa ya sauka lafiya.