Rana Da Batir Da Janareto: Yadda Ƙauye Zai Ci Ribar Wutar Haɗaka

Jawabin wannan wata, domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci da tarukan ƙungiyoyin taimakon kai da kai.

Jawabin yau a kan wutar lantarki yake. Ƙauyuka da yawa har yanzu wayar wuta ba ta kai gare su ba. Mai hali ya sayi janareto, marar hali ya kwana da tocila. Ranar 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Masu janareto sun ji a jikinsu. Shi ya sa hankali ya koma kan wutar haɗaka.

MENE NE WUTAR HAƊAKA?

Ƙaramar tashar wuta ce da ake kafa wa gari ɗaya. Abubuwa uku ake haɗawa a cikinta. Na farko farantan sola, masu mai da hasken rana lantarki. Na biyu batura, masu ajiye rarar wutar rana domin dare. Na uku janareto mai shan man dizal, wanda ake tayarwa idan hadari ya rufe rana ko batura sun yi sanyi. A wuraren da iska ke kaɗawa sosai akan ƙara da babbar fanka mai samar da wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda wannan ya gaza, wancan ya karɓa.

Abin ya riga ya zo ƙasar nan. A watan Disamba 2019 Hukumar Samar Da Wutar Lantarki A Karkara, wato REA, ta buɗe irin wannan tasha a ƙauyen Rokota, cikin ƙaramar hukumar Edati ta Jihar Neja, da tallafin Bankin Duniya. Ƙarfin farantanta kilowat 64 ne.

INA ARHA, INA TSADA?

Da yunit ake auna wuta, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Yunit ɗaya shi ne abin da ƙwan lantarki 10 masu wat 10 za su ci cikin awa 10.

Litar dizal ɗaya takan ba da kimanin yunit 3. A misali, idan lita ta kai naira 1,200, kowane yunit ya ci naira 400 ke nan a mai kawai, ban da baƙin mai da kuɗin gyara.

Farantan sola masu kilowat ɗaya kuwa sukan ba da yunit 4 zuwa 5 a wuni a ƙasar Hausa, ba tare da ɗigon mai ba. Sukan yi shekara 20 ko fiye suna aiki. Tsadarsu a ranar saye take.

Batir shi ne mai cin kuɗi a hankali. Batirin ruwa yakan mutu cikin shekara 3 zuwa 5, zafi kuma yana rage masa kwana. Na zamani da ake kira litiyam yakan kai wajen shekara 10, amma ya fi tsada.

Saboda haka wutar tsakar rana ita ce mafi arha, don daga faranti take zuwa kai tsaye. Ta dare ta fi ta tsada, don sai ta bi ta batir. Ta janareto ta fi duka tsada.

SANA'A DA RANA

Ga inda gizo ke saƙa. Idan gari ba ya amfani da wuta sai da dare, batura za su cika da wuri, sauran hasken rana ya tafi a banza. Kamfanin da ya zuba kuɗinsa ba zai mai da uwar kuɗi ba. Daga nan sai ya ƙara farashi, ko ya bar tashar ta lalace.

Maganin wannan shi ne a mai da manyan ayyuka rana. Mai injin niƙa da mai casar shinkafa su yi aikinsu daga hantsi zuwa la'asar. Haka mai walda, da tela, da mai ƙanƙara, da manomin rani mai injin ban ruwa. Da dare a bar wa ƙwai da fanka da rediyo da firjin asibiti. Yawan masu sana'a shi ke raba nauyin kuɗin tashar, kowa ya sami sauƙi.

KULA DA KAYA

Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti. A riƙa goge shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. Ɗakin batura ya zama mai inuwa da iska. Kada kowa ya saci wuta ta bayan mita, domin 'yan'uwansa ne za su biya.

KAFIN A SA HANNU

Hukumar kula da harkar lantarki, wato NERC, ta fito da dokar ƙananan tashoshi. Dokar ta tanadi yarjejeniya a rubuce tsakanin kamfani da mutanen gari. Kafin dagaci da dattawa su sa hannu, sai su tambaya: Nawa ne yunit? Awa nawa za a sami wuta a wuni? Wa zai sake batura idan sun mutu? Wa za a kai wa ƙara?

A nan amfanin karatu yake fitowa. Wanda ya iya karanta takarda da lambar mita ba a yi masa rufa-rufa. Allah Ya sa a dace, amin.