Idan Mota Ta Ɗau Zafi Ta Ƙi Tashi



Maganata a kan tsofaffin motocinmu ne masu kafireto, irin Peugeot 504, wato Fijo, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Da safe tana tashi da kik ɗaya, amma a yi tafiyar awa biyu, a tsaya salla ko shan mai, sai ta ƙi. Ga kaya a baya, ga dare na yi. Jama'a, kada a yi saurin sayen batir. A fara sauraron motar tukuna.

Na farko, idan kik na juyawa da ƙarfi, kuma kana jin warin fetur, to mai ne ya yi yawa. Da ka kashe inji, fanka da famfon ruwa sun tsaya, zafi ya taru, fetur ya tafasa a kafireto ya malala cikin inji. Ka taka totur har ƙasa ka riƙe, ban da famfawa, ban da jan cok, sannan ka yi kik. Kada ka wuce daƙiƙa 10 a jere.

Na biyu, idan babu wari, mai yiwuwa fetur ya zama tururi a tiyo, famfon mai ya kasa ja. Buɗe bonet, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon, ka jira kamar minti 15.

Na uku, idan mai na zuwa amma fulogi ba wuta, a duba kwayil da kwandansa. In sun tsufa, zafi na kashe su, su huce su dawo.

Na huɗu, idan kik ɗin kansa ya yi nauyi, a kankare kan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa inji da jikin mota, kafin a taɓa sitata.

Abu biyu nake roƙo don Allah. Kada a zuba fetur a bakin kafireto inji na da zafi, gobara ce. Kada kuma a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

In ka je wurin bakanike, ka gaya masa wanne ka gani cikin huɗun nan. Shi zai hana a yi ta canza maka kaya a banza.

Allah ya kiyaye mana hanya. Wassalam.