Wa ya ƙone injin garka?

Jawabin shugaban kwamitin garka a taron ƙungiya na bayan kaka. Magatakarda ya rubuta shi yadda anka faɗe shi, don ƴan uwa da ke nesa.

Maigari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Dattawan gari, iyayenmu mata da ke saurare bayan darni, samari, da ku ƴan cin rani da kunka riga kunka ɗaure kaya, ina gaishe ku duka. An sa ni in yi bayanin injin garka. Zan yi, amma ku bar ni in biyo ta nesa, tunda dama an san ni da ɓatan hanya.

Shekarar yunwar da muke ce ma El Buhari, 1984, iyakar Najeriya tana ruhe, sai da yawa cikinmu munka juya Yamai biɗa. Ni garuwa na yi can, tun bayan kaka har rani ya ƙare. Da damana ta matso na sayi buhun masara, da turmin atamfa, da rediyo, na sa sabuwar riga da baƙin tabarau, na kamo hanyar gida. A Doso anka tsaya sallar azahar. Na sallame, na ga farar Pijo bashe ta tada, na sheƙa na ɗare baya. Ashe biyu ce iri ɗaya tsaye wurin.

To ku ji inda wautar take. Shiga motar da ba taka ba, wannan tsautsayi ne, kowa na iya yi. Amma ba mu yi nisa ba na lura. Mai zuwa Dogondutsi daga Doso gabas ya nufa, bayan azahar rana ta baya za ta shigo mashi. Ni kuwa ga rana tana dukan gehen dama na mota. Huskokin da na taso da su daga Yamai babu ko ɗaya, kowa Zabarmanci yake yi. Itatuwa suna ƙara girma, har giginya ta fara bayyana. Zuciyata ta ce mani, kai, tambaya. Sai tabarau ya ce, haba, mutumen da ya sha ruwan Yamai shi tambayi hanyar gidansu? Na bi shawarar tabarau. Kilomita wajen 150 na yi shiru, sai da magariba na ga kaina a Gaya, bakin kogin Kwara, ga Benin can ƙetare. Yaron mota ya miƙo hannu, na biya kuɗɗin tahiyar da ban yi niyya ba, na kwana tasha, sauro ya yi buki. Kayana sun riga ni zuwa Maraɗi da kwana biyu. Masara da atamfa na same su. Rediyo kuwa, Allah shi amfana ma wanda ke saurarenta.

Kuna dariya, kuma ku yi, ni ma na sha yi. Amma ku samari masu tahiya bana, ku riƙe mararraba uku. A Doso hanya ta rabu, guda Gaya, guda gida. A Tsarnawa, kusa da Ƙonni, ta Tawa da Agadas ta ɓalle arewa. A Takeita, kahin Damagaram, ta Matamai ta yi kudu. Duk inda mota ta tsaya, ka dubi lambarta kahin ka sauka, wanda bai iya karatu ba shi riƙe huskar yaron mota. Kuma kada kowa shi ce ai yanzu akwai waya. Waya caji take ci, lambobin da ke cikinta da ita suke mutuwa. A rubuta lamba biyu ga takarda a sa aljihu.

Masu nuhin arewa kuwa, nan babu dariya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance. Motocinsu ne sunka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Wanda zai hau motar hamada shi tambayi ruwa nawa anka ɗauka, shi dubi taya, ko direba zai yi hushi. Allah shi jiƙansu.

Akwai kuma ɓatan da ba na hanya ba. Wani dattijo da ke zaune nan, ba zan nuna shi ba, ya kira ɗanshi da ke Yamai ya ce a aiko mashi da dubu biyu, za shi sayi taki. Shi dala yake ƙirga, dala dubu biyu, jika 10 ke nan. Yaro ɗan lakwal ne, sefa yake ƙirga, ya aiko jika 2. Uban ya yi wata guda bai ɗaukar wayarshi, shina cewa birni ya lalata yaro. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala 200 jika ɗaya. In za ku yi maganar kuɗɗi da ƴaƴanku, ku ce jika kaza, nan ne bakinku ya zo ɗaya.

Yanzu ga maganar da anka sa ni.

Kun san yadda anka sayi injin nan. Na Yamai sun aiko, na Legas da na Abijan sun aiko, har wanda ke leburanci Libiya ya aiko nashi. Mata sun kawo kuɗɗin adashinsu. Anka sayo shi sabo cikin kwali, anka aje ɗakina, don ni ne shugaban kwamiti. Washegari anka kai shi fadama, yaron da munka ɗora ma aikin ya tada shi gaban jama'a. Ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana daka, shina hayaƙi, tiyo ya kawo ruwa kaɗan, ba a cika awa guda ba ya cije. Kwamiti ya zauna, ni na shugabanci zaman, munka yanke ubanshi shi biya rabin kuɗɗin inji. Har ya kawo damin gero 10 somin biya. Yaron kuwa tun ranar bai sake zama dandali ba, kuma na ji an ce shina neman kuɗɗin motar Agadas.

Jama'a, yaron nan bai da laihi. Ni na ƙone injin.

Daren da anka kawo shi, bayan lisha, na ce bari in gwada shi ni kaɗai, don gobe in an taru a ga shugaba ya san kan abu. Na hidda shi tsakar gida. Akwai wata ƴar takarda rataye ga murhi da rubutun Turanci, na cire na jehar. Ni shekara da shekaru na hau mobilet, kuma mobilet melanji take sha, isansi da ɗan baƙin mai a gauraye, shi ke nan. Na ce inji duk inji ne. Na gauraya, na zuba, na ja igiya. Ya tashi. Na tsaya ina jin daɗin ƙararshi, har uwargida ta leƙo ta ce a kira yaron mana. Na ce mata ta koma ɗaki. Can sai murya ta sake, wari ya tashi, ya mutu da kanshi. Na bari ya huce, na goge shi da tsumma, na mai da shi kwali, na ɗaure da igiyar da ya zo da ita. Ban yi barci ba daren nan, amma da sahe na sa babbar riga na yi gaba.

Da na kai shi Maraɗi wurin mai gyara, ya kwance shi, ya hiddo wani ƙarhe da ya yi baƙi ya shuɗe, ya dube ni ya ce, Baba, wa ya tada shi babu mai? Na ce yara ne. Ya ce Allah shi shirya yara. Na ce amin.

Bari in faɗa maku abin da mai gyaran ya koya mani, don tsada na saye shi. Injin ban ruwa irin namu ba kamar mobilet yake ba. Tankin isansi daban, mazubin baƙin mai daban, can ƙasa, da ɗan murhi mai tsinke na awo. Sabon inji babu mai cikinshi yake zuwa, abin da takardar da na jehar ke faɗi ke nan. Man da yake ɗauka bai hi rabin litir da ɗan ɗori ba. Dubi abin da na yi ma gari asara a kanshi! Akwai masu tsada da ke kashe kansu in mai ya yi ƙasa, namu mai arha bai da wannan dabara. Ana juye man farko bayan aikin awa 20, daga nan kowace awa 100, kuma kowace sahiya a zaro tsinke a duba, inji shina zaune daidai ba a karkace ba.

Ɓarna ta biyu, na tada shi babu ruwa. Gidan fanfo akwai murhi a sama, sai an cika shi da ruwa kahin a ja igiya. Akwai wani ɗan zobe ciki da ke tare ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi, in ya juya a bushe zahi ke cinye shi. Shi ya sa washegari tiyo ya riƙa kawo ruwa kamar hura ta ƙare a ludayi. Kuma ku sani, irin wanga inji bai jawo ruwan da ya wuce zurhin mita 7 ko 8, komi ƙarhinshi. In ruwan rijiya ya sauka da rani, kada a zagi inji, a gina mashi rami a sauko da shi kusa da ruwa. Bakin tiyo na ƙasa kuma kada a raba shi da rariyarshi, yashin gulbi ba shi da tausayi.

Tunda ana maganar inji, masu sayo injin wuta da muke ce ma gurup, kada a kwana da shi cikin ɗaki ko shago a ruhe don tsoron ɓarawo. Iskar da yake hitarwa tana kashe mutum cikin barci, bai ko farka ba. Maganin ƙwarin wake kuma a daina zuba shi cikin kwalbar lemu.

Abin da ya hi ci mani rai ban faɗe shi ba tukuna. Shekaranjiya na tahi gidansu yaron, na same shi shina gyaran amalanke. Na fara kame-kame, sai ya ce, Baba, na sani. Ya ce da ya buɗe kwali ya ji warin isansi cikin tanki, ya ga bakin bututun hayaƙi ya yi baƙi, ya ga babu takarda ga murhi. Shi ya sayo baƙin mai da kuɗɗinshi ya zuba, ya cika gidan fanfo da ruwa, shina fatan abin bai yi nisa ba. Na ce to mi ya hana ka faɗi ranar da munka zauna? Ya ce, ƙaƙa zan tashi gaban gari in ce abokin babana ya yi ƙarya?

Wata uku yaron nan shina ɗauke da kayana. Albasar da mata sunka dasa ta bushe rabi, sauran da guga da tulu anka cece ta. Ni kuwa ina sahun gaba a masallaci. Dattawa, ku yi mani ahuwa, amma mu ne munka koya ma ƴaƴanmu cewa babba bai kuskure. Ladabi abu ne mai kyau, ban ce a bar shi ba. Sai dai in ladabi ya kai yaro shi biya bashin da bai ci ba, har shi nemi hanyar hamada don kunya, to mu da anka yi ma ladabin sai mu binciki kanmu. Ana cewa matambayi ba ya ɓata. Ni na san karin maganar tun ina yaro, na sha faɗa ma wasu, sau biyu kuma ina da baki na ƙi aiki da ita, farko gaban baƙi a hanyar Gaya, na biyu cikin gidana.

Ga abin da nake roƙon taro. Magatakarda shi soke tarar nan daga littahi yau, shi rubuta sunana wurin. A mai da ma uban yaron geronshi, ni zan ɗauka da amalankena in kai har bakin rumbu, da rana, kowa shi gani. Ragon da nake kiwo na sai da shi ran kasuwa, kuɗɗin suna hannun ma'aji, mai gyara ya ce sun isa kayan da za a sake, abin da ya rage kuma zan cika bayan na sai da wake. Ina so mabuɗin ɗakin inji shi koma hannun yaron, in ya yarda ya fasa tahiya, kuma ƙungiya ta yanka mashi wani abu kowane wata daga kuɗɗin ban ruwa. Shi koya ma mutum biyu, ɗaya cikin mata, tunda su ne ke wuni garka. A sayi kaye guda a rataye kusa da inji, duk wanda ya tada shi a rubuta awa nawa ya yi. Duk wani abu sabo da ƙungiya za ta saya nan gaba, kada a buɗe kwalinshi sai gaban mutum uku, a karanta takardar da ƙarhi, in Turanci ce ko Faransanci a kira ɗan lakwal shi juya.

Shugabancin kwamiti kuwa na aje shi gaban Maigari. In kun ce in ci gaba, to, in kun ce wani, ba ni da ta cewa. Yaro, kai da babanka, gaban jama'a na ɗora maku, gaban jama'a nake roƙo ku yahe mani. Uwargida ma tana bayan darni tana ji, ita ce ta ce a kira ka tun daren farko.

Ma'aji, taso ka karanta masu lissahin rago.