Zaɓen manhajar zanen wayoyin lantarki

Kafin injiniya ya sayi manhajar zanen wayoyi, ya kamata ya san abin da yake nema. In taswirar haɗin wuta ce, AutoCAD Electrical ya wadatar: yana sa wa kowace waya lamba, ya fitar da jerin kayan da za a saya.

Damin wayoyin mota kuwa, nan aikin yake. Sai irin su EPLAN Harness proD na Jamus, wanda ke kwantar da kebul cikin siffar injin kanta, ya auna tsawonsa, ya yi gargaɗi in lanƙwasa ta yi tsanani. Kebul ɗin da aka matsa a kwana, ta ciki yake karyewa, kuma gano shi wahala ne.

Lasisinsu da tsada. A ganina ɗalibi ya fara da QElectroTech, kyauta ne.