Malami a Ƙasar Waje: Ya Tafi Ba Sallama?

A ce ɗanmu ya ƙetara Maraɗi koyar da Ingilishi, albashi ya maƙale. Ya sulale cikin dare? Ni dai na ce a'a. Ya faɗa, ya rubuta, ya ba da wa'adi. Za ku ce ai mai makaranta ne ya fara saɓa alkawari. Gaskiya ne. Amma yara ne ke zaune kan benci, littafi a buɗe, jarrabawar BEPC na ƙaratowa. Kuma wanda ya gudu, wa zai kai masa ƙara wurin sufeton ƙwadago? Sai fa in an riƙe masa fasfo, ko ana barazana ga ransa. Nan kam ya tafi, ba sallama. Mu kwana nan.