Jawabi Ga Matasan Karaye Da Rogo: Mai Dandali Ma Ya Amsa Tambaya

 

Duk wanda ke riƙe da waya a nan ya ga abin da ya faru kan maganar masarauta. An kafa ta Karaye a 2019, aka rushe a watan Mayun 2024, sannan aka dawo da ita mai daraja ta biyu, Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. A kowane zango sai dandalin sada zumunta ya cika da zagin iyaye da kafirta juna, har da kiran a fito a yi ta ta ƙare. To, tambayata ita ce: wa ke ɗaukar alhakin wannan guba?

Yaron da ya rubuta, doka na iya cafke shi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015. A 2022 ma kotun majistare a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin kan bidiyon TikTok da suka yi wa gwamnan lokacin. Amma kamfanin da ya baza abin ga dubban mutane, ya ci kuɗin talla a kai, shi ko a jikinsa. A Amurka sashe na 230 na dokar 1996 ne ya ba su rigar kariya. Jamus kuwa ba ta yarda ba: a 2017 ta ce a cire abin da ya fito ƙarara haramun cikin awa 24, ko tara har Yuro miliyan 50. A Kenya an maka Meta a kotu kan kisan wani farfesa a Habasha bayan an yi ta yaɗa ƙiyayya a kansa a Facebook.

Sai dai jama'a, a yi hattara. Mun ga yadda gwamnatin tarayya ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021. In aka ba mai mulki wuƙar gogewa, wallahi bakin 'yan adawa zai fara yankewa, kuma mulki juyi-juyi ne.

Don haka abin da za mu kai wa ɗan majalisarmu na Karaye da Rogo a Abuja shi ne: alƙali ne zai ba da umarnin cirewa, ba minista ba; kamfanin da ya ƙi bi ya biya diyya; kuma a tilasta musu ɗaukar masu tacewa da suka san Hausa har da habaici da zambo, don na'ura ba ta gane gugar zana.